Ni Na Karya Jirgin, Na Ɗora wa Shanun Malam Jauro

Salamu alaikum mutanen wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku bi ni a hankali, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni matuƙin jirgin feshi ne, irin wanda ake ɗaukowa idan tsuntsaye jan-baki suka far wa gero. Jirgin tsoho ne tukuf, ya girme ni, tayoyi biyu a gaba, ƙarama ɗaya a wutsiya. Kafin ka sauka dole ka ja sakatar da ke kulle wannan ƙaramar taya, in ba haka ba sai ta yi ta rawa, jirgi ya juya da kai. Bana aka turo mu wani filin jan ƙasa a wajen Bunguɗu. Da Babana ya ji, sai ya cika mota da dattawan garinmu Kucheri, wai su zo su ga ɗansa yana saukowa daga sama. Ina gangarowa na hango taron, na shagala da neman rawaninsa, wallahi har hannu na ɗaga. Sakata fa? Ko tunawa ban yi ba. Taya na taɓa ƙasa jirgin ya ƙwace min, na taka nan na taka can, ina! Ya yi juyi biyu, fiffike ya daki ƙasa ya karye.

Aka ciro ni cikin ƙura, ƙafata a gurɗe, Baba na salati a kaina. Shugaban aikinmu ya ce, "Me ya faru?" In ce me a gaban dattawan nan? In ce kallon mutane nake? Na hangi shanu can nesa suna kiwo, kawai na ji bakina ya ce, "Saniya ce ta gifta min." Ƙurar da ta tashi ta hana kowa gani, kowa ya yarda.

Shanun na Malam Jauro ne, dattijon da rugarsa ta daɗe a gefen filin. Yanzu saboda maganata an ba mutanen rugar zuwa Juma'a su tashi. Da mata da tsofaffi, ga damina, ga yadda daji ya zama, ina za su nufa? In na faɗi gaskiya kuma za a ƙwace takardar tuƙina, Baba ya ji cewa a gabansa na shirga ƙarya.

Jiya sai ga Malam Jauro har masaukina a Gusau, da ƙwaryar nono, ya zo duba ƙafa. Ya durƙusa, mutumin da a shekaru ya haife ni! Ya ce, "Yallaɓai, ka yi muna gafara. Na tambayi kowa a gida, sun rantse ba wadda ta ɓalle, amma mai ilimi kamarka ba ya ƙarya." Na ce, "Baba, tashi don Allah." Ya ce ya roƙi shugabanmu, an ce in ya fitar da saniyar da ta yi ɓarnar wataƙila a bar su. "Kai kaɗai ka gan ta. Ka zo ka nuna min ita, ko wacce ce zan rabu da ita."

Na ce to. Kunya ta hana ni cewa komai sai to.

Gobe da hantsi zai jera min garken gaba ɗaya, yana jiran in miƙa yatsa. Jama'a, me zan yi?