Kada Ki Mayar da Sakinatu Bakin Kogi

Najma, Doha

Hajiya Zulai,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yaya Sakinatu mai jego da sabon angon naki? Tun da hoton jikan nan nawa ya iso nake nuna wa mutane, har masu shago sun gaji da ni. Allah ya raya mana shi. Ni lafiya lau, sai tsayuwar gadi a zafin nan, amma gwiwar ta fara sabawa.

Na ji surukin naki Nasidi ya sake gina ɗaki a bakin kogi, daidai inda ambaliya ta cinye bara, wai kakansa ya shekara saba'in a wurin ko tabarmarsa ba ta jiƙe ba. Sannu, masani! Ruwan zamanin kakansa ake yi yanzu? Wani injiniya ɗan Kano da muke sallah tare ya ce duniya ta ƙara ɗumi, shi ya sa ruwan wata guda yake zuba a yini ɗaya. Abokin ɗakina ɗan Nepal, ƙanƙarar duwatsunsu ce ta narke ta share ƙauyensu. Ko nan hamada na ga ruwa ya shanye motoci. Amma Nasidi ya fi kowa sani.

Arba'in ɗin Sakinatu zai cika tsakiyar Agusta. Kada ki mayar da ita. In ya zo ɗaukarta, ki dama masa fura, ki ce na ce wankan jegon nan ba zai ƙare ba sai ya yi ɗaki a tudu. Shi ya je ya kwana da kifi. Jikana ba zai koyi iyo kafin rarrafe ba.

Ki gaida kowa.

Maigidanki,
Haladu