Shuɗin Kebul da Idon Baba

Ni ce yayarku, kuma ina cikin hankalina, ba zazzaɓi ke magana ba. Jibi za a yi mini aikin zuciya. Ke Gwanata da kai Auta, tun rasuwar Umma ni nake muku wanka, don haka ku bar ni in kira ku 'ya'yana sau ɗaya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara guda ke nan Baba ba ya ganin rubutun kwamfuta. Duk aikin na'urorin intanet na makarantar nan da yake kula da su, ni nake yi. Shi yana faɗa, ni ina bugawa. Malamai sun ɗauka abinci nake kai masa.

Na ɗaya. Shuɗin kebul mai faɗi naki ne, Gwanata. A jikin suwic, akwatin da ke raba intanet zuwa azuzuwa, akwai rami ɗaya a gefe shi kaɗai, sunansa kwansol. Kamarsa ɗaya da sauran ramukan, amma aikinsa daban. Ranar da komai ya ƙi, ta nan ake shiga da shuɗin kebul ɗin. Sai dai ba a yi daga nesa, dole ki je ki zauna kusa da shi. Ɗakin da suwic yake ƙarami ne, ba taga, sai ƙarar fanka da fitilu kore suna ƙiftawa. Na daɗe a cikinsa ba mai yi mini magana. Ki tafi da rigar sanyi.

Na biyu. Filayar matse kan kebul ta Auta ce. Wayoyi takwas ne a cikin kebul ɗin intanet, a murɗe bibbiyu. Kada ka warware su da yawa. Ka fara da fari mai ratsin ruwan lemo, sauran jerin na zana a bayan littafina. Baba zai ce ka miƙo ya duba. Ka miƙa masa, ka jira ya ce ya yi, ko da yake ba ya bambance kalolin.

Na uku, shi ya fi mini nauyi. Ranar rajistar jarrabawa da intanet ya ɗauke, har aka kunyata Baffa gaban shugaban makaranta don shi ya samo wa Baba aikin, laifina ne. Daga ofis na shiga suwic ta hanyar kebul ɗin intanet, na rufe ramin da ni kaina nake bi. Na kulle mu a waje. Baba ya ce laifinsa ne, Baffa ya kira shi rago, tun ranar ba su gaisa ba. Ku kai wa Baffa wannan takarda ya karanta da idonsa. Na san Baba zai ji zafina. Amma in Baffa bai sani ba, ba mai tsaya wa Baba ranar da aka gane ba ya gani.

Na huɗu. Gwanata, duk abin da kika gyara a suwic, ki adana kafin ki tashi, in ba haka ba wuta na ɗaukewa ya tafi.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku. Ku riƙa cin abinci tare da Baba, kada ku bar shi shi kaɗai. Ku riƙe hannunsa a matakala kamar wasa kuke yi.

Jiya na shiga ɗakin, na goge sunana daga suwic, na sa naki, Gwanata, na adana. Kalmar sirrin sunan Umma ce. In na dawo, ke za ki buɗe mini.