Inna Ta Shanya Ruwan Gwaji

Yaya Musa,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Ingila? Ya Anti Binta da yara? Mu nan Kwamba lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Yaya, ruwan gwajin nan mai launin shuni da ka aiko mini ya lalace. Na gama haɗa garin sinadarin zinkin da nake bincike a kansa a makaranta, ya yi laushin da ido ba ya ganin ƙwayoyinsa. Saura in zuba shi a ruwan, in launin ya koɗe, to garin yana hana iska ɓata abu. Da yake ruwan ba ya son haske, na naɗe kwalbar da baƙin ƙyalle na tura ƙarƙashin gado.

Ina makaranta aka yi ruwan sama, ɗakina ya yi yoyo. Ka san Inna. Rana na fitowa ta shanya komai a tsakar gida, har kwalbar, ta kwance ƙyallen ta rataye a igiya. Na tarar da ruwan ya koɗe, ya koma kamar shayi.

Inna ta ga hawayena. Kullum tana tambayata me nake haɗawa, ina ce mata karatu ne kawai.

Washegari ta miƙo mini zoɓo mai kauri a kwalba, ta ce, "Gwada wannan, Hadiza, launin ya yi kusa." Na karɓa, yana nan ƙarƙashin gado a naɗe.

In za ka aiko mata da saƙon murya a kaset, kada ka tayar da maganar. A sa ni a addu'a, a gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza