Cokalin da Na Ture

Aai,

Motar kamfani ƙarfe shida da rabi take tashi zuwa Hinjewadi, inda ofishin yake, ke kuma, uwata, maganin ƙafarki ya sa ki barci, na kasa tashinki.

Akwai abin da ban faɗa miki ba game da ranar intabiyu. Kin tuna kin biyo ni har bakin ƙofa da cokalin kindirmo da sukari don in fita da sa'a? Na ture hannunki na ce, "Aai, kwamfuta ba ta san kindirmo ba." A gaban maƙwabta kuwa. Kika koma ciki da cokalinki.

To, a can suka ba ni manhajar da ta ƙi aiki, wai in gano matsalarta cikin minti ashirin. Na yi ta danne-danne ina kuskure. Matar da ke min tambayoyi, shugabar injiniyoyinsu guda, ta dube ni ta ce, "Ke Ketaki, ba a ba ki kindirmo a gida ba ne?" Na yi dariya don kada in yi kuka. Na gano matsalar, sun ɗauke ni, amma maganar nan ta tsaya min a rai.

Ki yafe min.

Yau ranar farko a wurin aiki, na ɗebi cokali ɗaya na kindirmo da hannuna. Tsami kawai na ji. Sauran yana cikin firji, kada Baba ya shanye. Gobe ko barci kike, sai na tashe ki kin ba ni da hannunki.

'Yarki mai taurin kai,
Ketaki