Murmushin Auta

Umma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙafar taki? Allah ya sa shan maganin kike yi, ba tura shi ƙarƙashin filo ba. A gaida Baba da yara.

Akwai maganar da na kasa faɗa miki a waya. Kin san a asibitin haƙorin da nake karɓar baƙi, yawancin masu zuwa ba ciwo ke kawo su ba, kyau suke nema. To likitanmu ya fara wani bincike. A ɗakin jira ana nuna wa mutane hotunan baki zalla, ba ido ba hanci, su zaɓi murmushin da ya fi burge su. Ni aka ɗora wa nunawar.

Ina cikin juya hotunan sai ga bakin Auta. Umma, ba gizo idona ya yi mini ba. Wushiryarta ce, da haƙorin nan da ya ɗan hau kan ɗan'uwansa. Ashe ranar da ta rako ni aiki, kafin ciwon ya kwantar da ita, ta yarda an ɗauke ta.

Likita ya sa kwamfuta ta juya hoton kala-kala. A wani an toshe wushiryar, a wani an ƙara fari, a wani an miƙar da haƙorin. Kullum ina tsaye ana duba bakin ƙanwata kamar ana zaɓen atamfa. Wata ta ce dasashin ya yi yawa. Wani dattijo ya ce ai wushiryar ce kyan. Ni kuwa sai in ce na gode, in kira na gaba.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki ta fari

Umma,

Ina gaisuwa. Saƙonki ya iso, na ji daɗi da kumburin ya saɓe.

Na bi shawararki, na sami likita. Bai ma san Auta ta rasu ba. Ya cire tabarau, ya yi mini ta'aziyya. Daga baya ya ce za a janye hotunan, in nuna masa na ainihin ya wanke mini in aiko miki.

Na sa yatsa ba ko ɗar. Ya duba kwamfutarsa, sannan a hankali ya ce ba shi ba ne, wannan an ɗan rage wushiryar.

Ni da na goya ta, Umma. Ni da na cire mata haƙorin farko da zare. Tun ranar, in na tuna ta tana dariya, da gyararren bakin nan take zuwar mini, fari tas, kamar baƙuwar da ta ari muryarta. Har mai shara ta tambaye ni me ya sa na daina kallon bakin mutane in suna magana.

Na sa hotunan biyu a ambulan, ban yi wa ko ɗaya alama ba. Ki duba ki riƙe nata. In ke ma ɗayan kika ɗauka, don Allah kar ki gaya mini.

Allah ya kai haske kabarinta, ya bar mana ke.

'Yarki ta fari