Nafi'u Bai Fita Bana Ba

Saint-Étienne, Faransa

Zuwa ga Yaya Zuwaira,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Malam Ɗayyabu da yaran duka. Ya wuyan naki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Ni ina nan, sai manyan yatsuna da suka fara ƙin aiki idan gari ya yi sanyi. Mai gyaran jikin mutane ya rasa mai gyara nasa.

Yaya, ɗanki ya roƙe ni kada in faɗa miki, amma na ga kin riga kin raba ankon walima, shirun nawa zai zama cuta. Nafi'u bai ci jarrabawar fita ba. Ki zauna ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki waya.

Sana'ar nan tamu, osteopati, ba ɗori ba ce, ba kuma tausa ba ce kamar yadda kike faɗa wa mutanen Maraɗi. Amma dai hannu ne jarinta, kuma a ajinsu babu mai hannun Nafi'u. Ranar jarrabawa, ina zaune cikin malamai, aka shigo masa da wani tsoho mai gasa burodi, Monsieur Chazal, da ciwon baya. Tsohon ya shigo yana zolaya, wai yaro ya ɓaro masa bayan nan da sauri, tanda ba ta jiran kowa. Yana kwance bel ɗinsa na hango sababbin hudoji da ya huda da ƙusa. Mutum ya rame haka, in kuma ciwo na hana shi barci, wannan ba na hannunmu ba ne, na asibiti ne. Tambaya biyu ta isa. Nafi'u bai yi ko ɗaya ba. Ya kwantar da tsohon, ya naɗe hannun riga, yana murna za a ga gwaninta. Madame Veyrac, wadda ke ba da maki, ta ce masa ya ɗaga hannunsa, an gama.

Na san za ki ce ina amfanin kawunsa a makarantar. Shi ma haka ya ce mini a tashar motar haya, idonsa jawur: wai shekara biyar ana koya masa taɓa mutum, yau a kayar da shi don ya taɓa? Wai in je in yi wa matar nan magana, ai tare muke shan kofi. Ban je ba. Matar nan ba na ƙaunarta, ko gaisuwa sai ta auna take bayarwa, amma gaskiyarta ce. An tura tsohon asibiti, kuma abin da suka gani a ƙashin bayansa, da an danna wurin, da yanzu wata magana muke yi.

Haushina ba a kan yaron yake ba. Tun shekarar farko junansu suke kwantarwa suna gwaji, samari da 'yan mata masu lafiya kamar dawakai. Ina za su san jikin da ke ɓoye cuta? A ɗakin gwaji kullum malami na tsaye a bayansu, ɗalibi ya ɗaga ido, mu gyaɗa kai. Gobe ya buɗe nasa wuri, babu kowa a bayansa sai bango. Na faɗa a taro har muryata ta dushe, shugaban makaranta ya ce mini, abokina, kai kullum kamar mai zaman makoki. Na gaji, Yaya. Ban ƙara yarda cewa abin zai gyaru ina raye ba.

An ba shi damar maimaita shekara. Ya ce ba zai koma ba. Ya samu aikin sauke kwalayen kayan miya a kasuwa, in ya dawo ya zauna hannuwa a aljihu. Jiya na ce ya duba mini yatsan nan, ya ce in nemi wanda ya ci jarrabawa.

Ni maganata ta daina shigarsa. Ki kira shi, kada ki yi faɗa, kada ki yi kuka. Ki ce masa wuyanki yana nan yana jiransa, amma ba zai taɓa ki ba sai ya fara yi miki tambaya. In wannan bai mayar da shi ba, ban san abin da zai mayar da shi ba.

Ki gaida Malam Ɗayyabu, da Gwaggo Hurera, da Sa'adatu da jaririnta. Ankon kuma a naɗe shi a ajiye tukuna.

Ƙaninki,
Harisu