Gangunan da Kuka Raba Ina da Rai

Da hankalina garau nake rubuta wannan. Ƙafafuna ne suka kumbura, kaina lafiya lau, kunnena kuwa har yanzu yana jin motsin ɓera a bayan tukunya. Kada wani ya ce ciwo ne ya sa tsoho faɗa. Ku kuka sa ni.

Babba, Dogo, Auta, ku karanta a zaune wuri ɗaya.

Na ɗaya, gangunan nan biyu, uwa da 'ya, da suke rataye a shagona tun kafin a haife ku. Kakanku ya sassaƙa su daga gungume ɗaya, yana rarakewa yana ƙwanƙwasawa har muryoyinsu suka dace. Babbar ta yi magana, ƙaramar ta amsa, ba a taɓa fita da ɗaya an bar ɗaya ba. Ina kwance a asibiti ku maza biyu kuka buɗe shago kuka raba su, wai don kada a yi rigima bayan raina. Sannunku da adalci! Rigimar ma sai da kuka yi ta a kan wa zai ɗauki babbar, ga shi har yau ba kwa gaisawa.

Na biyu, kai Babba. An nuna mini hoton falonka. Ka shafe uwar da man ƙyalli irin na kujeru, ciki da waje har kan fata, ka kafa mata ƙusa sama da talabijin, don abokan ofis su ce kana kishin gargajiya. Kai da kake sauya hanya in ka hango ni da ganga a kafaɗa, kana tare da 'yan ajinku! Da wannan gangar aka saya maka takalmin da kake guduna da shi. Itace yana numfashi, kai kuwa ka toshe mata hanci. Na ga hoton nan na kasa cin abinci.

Na uku, Dogo, kada ka yi murmushi, naka ya fi ciwo domin kai ka san aikin. Hannunka yana da daɗi, ban taɓa musu ba. Amma ka yanke wa ƙaramar tsarkiyar fata da na murza da hannuna, ka sa igiyar shanya ta roba, don kada ka sha wahalar ja kowace safiya. Kuma kana kara gangar a kan risho don fatar ta ɗaure da wuri, rana ta yi maka nisa. Auta ta ce bakin itacen ya fara tsagewa. Ragwanci ne, ba zamani ba.

Na huɗu, gangunan ba sa cikin gado. Na ba Auta su kyauta ina raye, a gaban baffanku da tela maƙwabcinmu. Ba ta kiɗa, amma ita kaɗai ta yi kuka da ta ga ƙusoshin bango babu komai. A shago za su zauna, makulli a hannunta. Duk mai son fita da babbar sai ya zo da mai kaɗa ƙaramar.

Gida da sauran tarkace a raba yadda addini ya tsara. Gizago da wuƙaƙen fata su zauna a kan benci. Akwai kalangun wani makaɗi a ƙarƙashin bencin, ya kawo gyara, Dogo ya ƙarasa a mayar masa.

Na biyar, gyaran ɓarnarku. Babba, ka cire babbar riga ka kankare man nan da fasasshiyar kwalba, da hannunka, ban yarda ka aiko direba ba. Dogo ya jiƙa fata ya yanka sabuwar tsarkiya. Ɗaurin fata aikin mutum biyu ne: ɗaya ya danne da gwiwa, ɗaya ya ja. In mai ja ya yi gaggawa ko mai danna ya saki, fata ta karkace, sai an kwance daga farko. Dole ɗaya ya ce ja, ɗaya ya ce tsaya. Ni da baffanku mun sha zagin juna a kan bencin nan, amma ba mu taɓa tashi mun bar ganga a kwance ba.

Ba zan yi muku ƙarya ina kallon kabari ba, har yanzu ban huce ba. Ina so in ji gangunan tare sau ɗaya, ta tagar ɗakin nan. Yafiyata tana nan na riƙe, ku zo da su ku karɓa, kuma jikin nan ba zai jira ku gama jan aji ba.

Allah ya yi muku albarka duk da haka, ku da 'ya'yanku. Ku riƙe Auta, ku riƙe baffanku, kada ƙofar ɗayanku ta rufu a fuskar ɗan'uwansa. Na sa an jawo gadona kusa da taga.